Ina son shiga soja amma zuciyata cike take da son ramuwa, mi ne hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga yankin Sabon Birni, na ƙare sakandare ba aikin yi, yanzu ina son in cike fom na shiga soja. Gaskiya abu biyu ke tura ni, albashi da kuma 'yan bindiga da sunka kashe ƙanen babana a gona. Kakana ma ya yi yaƙin basasa, yana ce muna hushin kashe Sardauna ne ya kai su. Shigata ta halatta? In na mutu can na yi shahada? Inna kuma ba ta so.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baffanka, ya ba ku haƙuri.

Shiga soja don kare rayuka da dukiyar jama'a halal ne, a halin da gabashin Sakkwato ke ciki ma aikin lada ne, don masu tare hanya su ƙone rumbu su sace mata su ne muharibai da aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kansu. Albashi kuma ba ya ɓata komai, Sayyidina Umar da kansa ya buɗe diwani yana biyan mayaƙa daga baitulmali. Kada wannan ya dame ka.

Ramuwar ce ta tsaya min a rai, ɗana. A Bukhari da Muslim, Abu Musal Ash'ari ya ruwaito an tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ganima, da mai yi don a ambace shi, da mai yi don ƙabilanci, wane ne ke kan tafarkin Allah? Ya ce wanda ya yi yaƙi don kalmar Allah ta zama maɗaukakiya. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin makauniyar tuta, yana hushi don dangi yana kira zuwa ga dangi, in an kashe shi mutuwar jahiliyya ce. Ka ga Ƙuzman, wani mutum da ya yi yaƙi a ɓangaren Musulmi ranar Uhudu, ya yi ɓarna cikin kafirai ƙwarai amma da bakinsa ya ce don martabar mutanensa ya yi, bai samu komai ba.

Kakanka ba ni da hurumin tona zuciyarsa, Allah ya san ta. An kashe Sardauna a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 bai ƙare ba sai Janairun 1970, sojan Najeriya da ba su wuce kusan dubu 10 ba sunka kai wajen dubu 250, kuma duk wannan taro ba niyya ɗaya ta kai su ba, wani hushi, wani don ƙasa ta zauna ɗaya, wani kaki da albashi, wani kawai abokinsa ya bi. Abin da ke riƙe mutum a rami bayan ya ga jini kuwa sau da yawa ba shi ne ya kawo shi ba, kunyar a ce ya gudo ce, da abokin da suke cin garin kwaki a kwano ɗaya, ran da anka harbe wannan abokin a gabansa to daga nan sai neman fansa. A Asaba cikin Oktoban 1967 sojan tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula, hushi ne ya kai nan, kuma shari'a ba ta yarda da shi ba ko wa ya aikata.

Wannan nake ji maka tsoro. Ranar da za ka shiga ruga da bindiga a kafaɗa ka tarar da tsoho da ɗan jikansa riƙe da ƙwaryar nono, in fuskar baffanka kake gani to za ka ɗauki jinin da bai ci ba bai sha ba. Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, Ma'ida aya ta 8. Ko ofisa ne ya ce ka harba ba ka da uzuri, biyayya cikin abin da shari'a ta yarda ne kawai. Ƙisasi kuma aikin alƙali ne.

Don haka hukuncin, ka shiga in ka iya mayar da niyyarka ta zama kada a sake yi wa wani gida abin da anka yi wa naku. In ka duba ka ga wutar ba ta lafa ba, ka dakata tukuna, ɗaukar kurata ba ta ƙarewa, Defo na Zariya, inda ake horar da su, yana nan.

Shahada kuwa, ya tabbata cewa wanda anka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ko jininsa shahidi ne, muna yi maka wannan fata, sai dai ba a yanke wa wani mutum ita da suna, Bukhari babi guda ya ƙulla a kan haka.

Maganar Inna ba ƙarama ba ce. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce ba a fita yaƙi sai da izinin iyaye, sai fa in maƙiyi ya afka wa gari. Kare garinku in an kawo hari ba ya buƙatar izini, amma ɗaukar soja a matsayin sana'a, da za a iya tura ka Borno ko Filato, yana buƙata. Ka samu kawunka ko limamin unguwa su zauna da ita, in ta ƙi ka haƙura bana. Wallahu a'alam.