Kaya sun zo a lalace daga Chaina, mai kaya kuma na neman cikon kuɗinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, da fatan ana lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Auyo, jihar Jigawa, kayan noman rani nake sayarwa. Bara na yi odar injin ban-ruwa na sola guda 80 daga wani kamfani a Gwanzu, dillali ne ya haɗa mu, na biya kashi 70 aka ce cikon sai kaya sun iso. To kaya sun iso na raba wa manoma, wasu ma bashi na ba su sai an yanke shinkafa, wallahi ko wata biyu ba a rufa ba guda 30 suka ƙone, manoma suka dawo min da su suka ce ba za su biya ba, shi kuma mai kamfanin can kullum sai saƙo a WhatsApp wai in biya ciko ko ya yi ƙarata. Zan iya maka shi a kotu a Haɗeja? Ko in share shi kawai tunda ya cuce ni?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Sharewar nan dai kar ka fara ta, ita ce za ta mayar da mai gaskiya marar gaskiya. In dokar Chaina ce ke kan cinikinku, kundin dokokinsu na mu'amala da ya fara aiki a 2021 ya ce dole mai saye ya sanar da aibin kaya cikin lokacin da ya dace, in ya yi shiru ana ɗauka ya karɓa lafiya lau. Don haka yau ɗin nan ka sa a rubuta musu takarda a tura ta imel ɗin kamfanin, ba saƙon murya ba, a haɗa da bidiyon kowane inji da lambarsa.

Kuma ka nemo injiniyan da ba yaronka ba ya buɗe su ya rubuta abin da ya ƙona su, don na san abin da za su fara cewa, wai manoma ne suka haɗa fanel barkatai ko suka bar inji yana ja babu ruwa, kuma tsakani da Allah mutanenmu suna yin hakan, to gara ka san gaskiyar kafin ka ɗaga murya.

Maganar kotun Haɗeja kuwa, ko alƙali ya ba ka gaskiya me za a kama? Kamfanin ba shi da ko tsinke a Najeriya, kuma ɗaukar hukuncin kotunmu a je a zartar a Chaina aiki ne ja. Abin da ya fi tsallaka iyaka shi ne hukuncin masu sasanci, saboda mu da su duk muna cikin yarjejeniyar New York ta 1958. Amma sai in takardar cinikinku ta ce a je sasanci, ko ku amince yanzu a rubuce. Duba takardar, sau da yawa za ka ga an rubuta CIETAC, hukumar sasancinsu ce ta can. Duba kuma ko akwai jan hatimin kamfanin da sunansa na Sinanci, sannan kuɗin nan asusun wa suka shiga, na kamfani ko na dillali? In na dillali ne to lissafi ya canza, shi za ka fara riƙewa, shi ne ma hannunka zai iya kaiwa.

Ni dai ban ba ka shawarar shari'a a kan inji 30 ba, kuɗin lauya a can da na tafinta sai su cinye injinan. Makaminka yana aljihunka. Suna bin ka kashi 30, kayan da suka lalace kuwa 30 cikin 80 sun haura kashi 37, ka ga kusan kai ke bin su. Ka ce su zaɓa, ko su turo sababbi ka biya ciko, ko a yafe cikon kowa ya kama gabansa, a rubuta su buga hatimi. Kar ka raina barazanarsu dai, kamfanin da ya yarda ya ba baƙo bashi wataƙila ya yi inshora da Sinosure, kamfanin gwamnatin Chaina mai yi wa masu fitar da kaya inshorar bashi, in sunanka ya shiga wajensu a matsayin wanda ya ƙi biya, samun kaya bashi daga Chaina zai yi maka wuya nan gaba.

Manoma kuma maganarsu daban. Wanda injinsa ke aiki ya biya, ba ruwansa da rigimarka da Chaina. Wanda nasa ya ƙone saboda aibin da ya zo da shi, a fiƙihu yana da zaɓin mayarwa, kar ka matsa masa. Ku zauna gaban dagaci bayan rahoton injiniya ya fito a ware su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙonannun kar ka bari yara su kwance su a sayar wa 'yan jari bola, ka kulle su a shago har a gama magana.