Tambaya da Amsa: Zan Iya Fasa Bangon Tsakiya?

Tambaya: Malam, gidanmu na bulo ne a Gusau, ɗaki biyu a jere da 'yan ƙananan tagogi. In bazara ta yi, zafi ba ya barin mu barci. Ina so in fasa bangon tsakiya su zama falo ɗaya, in kuma faɗaɗa tagogin. Wace shawara za ka ba ni? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, kafin kowa ya ɗaga guduma, a sa birkila ya leƙa cikin silin. Idan katakon rufi a kan bangon nan yake zaune, to shi ke riƙe da nauyin, kuma fasa shi haka kawai haɗari ne ga iyalinki. Sai an tokare rufin, an zuba bim na kankare da rodi, wato doguwar gadar da za ta ɗauki nauyin rufin a madadin bangon. Kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafawa, don haka kada kowa ya yi gaggawar cire tokara.

Batun taga kuwa, ni na fi damuwa da inda aka sa ta fiye da girmanta. Iska tana son mashiga da mafita: taga ɗaya a arewa, ɗaya a kudu suna fuskantar juna. Ki guji bangon yamma, ranar la'asar ke gasa ɗaki. Tagar alminiyam mai zugewa rabinta kaɗai ke buɗuwa. Na fi ba ki shawarar mai ganye biyu da ake turawa waje. A yi sabuwar linta, wato kankaren da ake zubawa a saman taga, wadda ta zarce faɗin tagar gefe da gefe, a sa ragar sauro, kuma a gama aikin kafin damina ta sauka.