Abin da ya sa ba a cika wa wake yuriya

Ɗana, na ga saƙonka, inda kake tambayar dalilin da ya sa iyayenmu ke shuka wake a tsakanin gero da dawa, kuma mu da muka gaje su muke hana a zuba masa yuriya da yawa, alhali a ganinka taki duk ɗaya ne. Wannan al'ada ba camfi ba ce.

Idan damina ta yi tsakiya, ka tuge gindin wake ɗaya daga ƙasa mai laima, ka wanke saiwarsa a hankali. Za ka ga 'yan ƙuraje manne da ita. Ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ya yi ja-ja, to yana aiki. A nan ne ƙwayoyin bakteriya da masana ke kira raizobiyam suke zaune, suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne, suna miƙa wa shukar, ita kuma tana ciyar da su da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Da zarar ka cika wa waken yuriya, wadda ita ma naitirojin take bayarwa, sai ya ƙoshi ya daina kula da baƙinsa, ƙurajen su ragu, ka tashi da ganye jingim, 'ya'ya kuwa kaɗan. Abin da yake bukata shi ne supa, takin da ke ɗauke da sinadarin fosfaras, domin ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin fosfaras, kuma ƙurajen ba sa ƙarko sai da shi.

Lokaci ma yana da tasa rawar. Zafin bazara da bushewar rani suna hallaka da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke saman ƙasa, sai ruwa ya zauna kafin ragowar su sake yaɗuwa. Inuwa da ruɓaɓɓen ganye suna kare su, shi ya sa kakanka, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda a sare gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina.

A Samaru ta Zariya, gwajin da aka fara tun 1950 ya nuna cewa takin zamani zalla, in aka daɗe ana zuba shi, yana sa ƙasa tsami, kuma waɗannan ƙwayoyi ba sa son tsami, amma kashin shanu yana rage wannan illa. Saboda haka bana ka kai takin turke gonar tun kafin ruwan shuka, ka ba wake supa, yuriyar kuma ka ajiye wa dawa.