Idan ido yana yaudara, ina za a samu gaskiya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Jega. Muna cikin mota kan hanyar Birnin Kebbi da tsakar rana sai muka hango kawalwalniya, kamar ruwa kwance a kan kwalta. Abokina ya ce tunda ido yana yaudarar mutum, babu wata tabbatacciyar gaskiya, kowa da tasa. Na kasa ba shi amsa, abin kuma ya tsaya mini a rai. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗin da abin ya tsaya maka a rai, domin irin wannan damuwar ta taɓa kama manya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya ba da labarin kansa a cikin littafinsa Munƙizu minad Dalal: ya dubi inuwa ya ga kamar tana tsaye, bayan ɗan lokaci sai ya tarar ta gusa, ya dubi tauraro ya gan shi kamar dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniyarmu girma. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan shakka, har Allah Ya yaye masa.

To amma tambayi abokinka: ta yaya ya san ido ya yaudare ku? Ai sai da motarku ta isa wurin, taya ta bi ta kan busasshiyar kwalta, babu ko ɗigo. Da babu yadda hanyar take a haƙiƙa, da babu abin da za a gwada ganinku da shi har a ce kun yi kuskure. Hujjar da ya kawo don rushe gaskiya, a kan gaskiyar take tsaye. Haka ma maganarsa ta cewa babu gaskiya: idan daidai ce, an samu guda ɗaya ke nan.

Kawalwalniyar ma ba "babu" ba ce. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, sai hasken da ke saukowa ya lanƙwasa ya shigo idonka, ka ga hoton sararin sama a ƙasa. Hasken yana nan, zafin yana nan. Hukuncin da zuciya ta yi saurin yankewa, cewa ruwa ne, shi ne ya kauce. Ido ya kawo saƙo, mai karanta saƙon ne ya yi gaggawa.

Aristotal na Girka ya fayyace gaskiya tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce: ka ce akwai ga abin da yake akwai, ka ce babu ga abin da babu. Ni dai ban ga ma'anar da ta fi wannan sauka a zuciyar Bahaushe ba. Dubi mai awon shinkafa a kasuwar Jega. Mai saye ya ce mudu tara ne a buhu, mai sayarwa ya ce goma. Ba wanda zai raba su da cewa kowa da tasa gaskiyar. Juye buhun za a yi a sake awo a gaban jama'a.

Inda abokinka yake da ɗan rabo shi ne sha'anin ɗanɗano. Wani ya fi son kifin Yauri, wani na Argungu, wannan kam kowa da nasa. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin ɗanɗano a ɗora wa mudu.

Kada kuma ka yarda a ce maka abin da ake taɓawa kawai ke da samuwa. Bashin da ke kanka ba shi da launi ko nauyi, amma yana hana ka barci. Lamba bakwai ba ta zaune a wani gari, duk da haka bakwai da uku goma ne a Gusau da Makka. Malaman tauhidi a zaurukanmu sun daɗe suna karantar da hukuncin hankali kashi uku: wajibi, wanda hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, wanda ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, mai yiwuwa ya kasance ko kada ya kasance. Ruwa a kan waccan kwalta ja'izi ne, da damina za ka iya samunsa. Amma a ce wuri guda, a lokaci guda, akwai ruwan kuma babu shi, wannan mustahili ne, ko ido bai je ya duba ba.