Maigidana ya hana a ɗiga wa yaranmu maganin shan inna

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekararmu shida da aure, yaranmu biyu. Abban yara mai ilimi ne, har digiri gare shi, amma duk ranar da masu ɗigon shan inna suka shigo layinmu sai ya ce in rufe ƙofa. Wai maganin hana haihuwa Turawa suka zuba a ciki don rage yawan Musulmi, kuma da gwamnati aka haɗa baki. In na yi magana sai ya ce: "Asibiti ko farasitamol sai kin saya, amma wannan kyauta har gida? Kuma ba an ce cutar ta ƙare ba?" Anti, me ke sa mai ilimi ya yarda da irin wannan, kuma yaya zan yi da shi? Daga ƙanwarki a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin in taɓa maigidanki bari in fara tona asirin kaina. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wayar yayata ce ta tashe ni kafin kiran assalatu: maza a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, a ba yara. Ni da nake aikin jarida, na tashi na dafa ruwa na zuba gishiri. Sai da gari ya waye kunya ta kama ni, daga baya kuma aka ji har an rasa rayuka a kan wannan gishirin. To ilimi bai hana ni ba. Tsoro ne ya riga tunani isowa, kuma muryar da na ji ta wadda na yarda da ita ce.

Shi kuwa naki, ai a Kano yake zaune, kuma Kano tana da tabon da ba a ƙirƙira ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a Arewa. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a binciken da ya haɗa da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka naƙasa. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a ƙarshen 2000, kuma jaridar Washington Post ce ta fasa ƙwan, ba hukumominmu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, iyalai na farko kuma ba su ga diyya ba sai 2011. Shekara 15 ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma ba ki isa ki kira shi wawa ba.

Ƙara da abin da ya faru a Pakistan a 2011, inda hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi wajen neman Usama bin Ladan a garin Abbottabad. Wannan ma ba ƙanzon kurege ba ne. Masu rigakafi na gaskiya ne suka biya bashin, a can da nan. A Fabrairun 2013 an harbe masu aikin ɗigon shan inna tara a cikin Kano, galibinsu mata masu neman na cefane.

Gwamnatocinmu kuwa su suka yi wa jita-jita shimfiɗa. Ki tuna rashin lafiyar marigayi 'Yar'aduwa: ya tafi Saudiyya a Nuwamban 2009, aka yi wata uku ana ce mana yana samun sauƙi, aka dawo da shi cikin dare, ba mu sake ganinsa ba har Allah Ya karɓi abinsa a watan Mayun 2010. Mutanen da aka yi wa haka, me zai hana su kasa kunne da aka ce an musanya Buhari da wani Jibrin na Sudan? Sai da Buhari ya tsaya a Poland a Disamban 2018 yana shaida wa mutane cewa shi ne da kansa. Ko kayan tallafin korona da jama'a suka fasa rumbuna suka tarar jibge a Jos da Kaduna da Legas a Oktoban 2020, alhali an kulle mutane a gida da yunwa. Hukumomi sun ce ajiya ce ana shirin rabawa. Wataƙila. Amma wa ya faɗa kafin a fasa?

Duk wannan na ba maigidanki. Inda muka rabu da shi shi ne: don an taɓa cutar ka a kasuwa, ba kowane mudu ne na algus ba. Labarin Pfizer yana da takardu, da shaidu, da kotu, da sunayen yara. Na hana haihuwa fa? A 2003 Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a lokacin, da wasu shugabanni suka ta da zargin, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon. Kano ce ta fi daɗewa, sai a Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da shi, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin a ankara cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yemen da ita kanta Indonesiyar. A gida kuwa yaran da ta shanye sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Waɗannan yaran su ne samarin da kike gani yau a kan keken guragu a bakin danja.

Hujjar da ta fi min kowace takarda tana cikin layinku. 'Yan matan da aka ɗiga wa a shekarun can su ne suke cika ɗakin haihuwa yanzu. Ke ma ki tambayi Umma ko an ɗiga miki. In da gaske maganin rage mu ne, to wanda ya haɗa shi ya yi asarar kuɗinsa.

Tambayarsa ta farasitamol kuwa tambaya ce mai kyau, kuma laifin hukuma ne da ba ta amsa ta da mutunci. Kuɗin ɗigon ba daga aljihun da ke kula da asibitin unguwarku yake fitowa ba. Tun 1988 aka kafa gangamin duniya na kawar da shan inna, da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Rotary, daga baya gidauniyar Bill Gates ta shigo. Ƙwayar cutar a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya ƙarar da ita gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa agana a 1980. Kuma masu ba da kuɗin ba don Allah kaɗai suke yi ba: muddin tana Kano ko Peshawar ta Pakistan, jirgi ɗaya ya isa ya kai ta garinsu. Son kai ne, amma irin wanda ɗanki ke amfana da shi. Haushin a bi ka gida da ɗigo alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe yara ba magani, wannan haushi ne na halal, ni ma ina jinsa. Sai dai kansila da gwamna ya kamata su ɗanɗana shi ranar zaɓe, ba ƙafar yaron goye ba.

Batun "an ce ta ƙare": a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, wadda a Najeriya aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2016. Amma tana nan a Pakistan da Afghanistan. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, tana fita ta bahaya, kuma a unguwar da yara da yawa ba su samu rigakafi ba takan yi ta yawo har ta sake ƙarfi ta shanye wanda ba a ɗiga wa ba. Gara ya ji wannan daga bakinki da ya tsince shi a WhatsApp an yi masa kwaskwarima.

Kada ki yi a ɓoye, in ya gano kin ƙara masa hujjar cewa kowa munafurtarsa yake yi. Kada kuma ki tare shi a gaban yara ko masu ɗigon. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki fara da Pfizer, ki ce masa yana da gaskiya a nan. Namiji in ya ji an ba shi nasa, ya fi sakin naki. Daga nan ki roƙe shi, tunda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ku je tare wurin likitan da shi ya zaɓa, ko Hajiyarsa ta sa baki in tana da fahimta. In masu bin gida ne ba ya so, ku kai yaran asibiti ranar rigakafi ya ga kwalbar da idonsa, akwai ma ta allura. Ki ɗauko katin ƙaramin ki duba tun yau, don gidan da aka rufe wa masu shan inna ƙofa sau da yawa ta ƙyanda ma, wadda ake yi a wata tara, ta wuce su.