Za mu kai yara hutu Kano daga Landan: wace rigakafi ta kamace mu?

Tambaya: Likita, shekarata 12 a Landan, kuma a hutun watan Agusta ina so in kai iyalina Kano mu yi mako huɗu. Yarana biyu, ɗan shekara 7 da 'yar wata 10, a nan aka haife su, ba su taɓa zuwa gida ba. Ni a Kano na tashi, saboda haka ban damu da kaina ba. Me ya kamata a yi wa yaran kafin mu tashi?

Amsa: Malam, zan fara da inda ka ce ba ka damu ba, domin nan ne aka fi samun kuskure. Juriyar da mutum yake samu ga zazzaɓin cizon sauro tana ɗorewa ne muddin sauro yana ci gaba da cizonsa. Idan ya bar ƙasar na wasu shekaru sai ta ja baya ƙwarai. Bayan shekara 12 a Ingila, jikinka ya fi kusa da na baƙo, kuma akasarin waɗanda ake kwantarwa da maleriya a asibitocin Ingila mutane ne da suka je ganin dangi a Afirka ta Yamma ba tare da shan magani ba. Ga shi za ku sauka a tsakiyar damina, lokacin da kowane kududdufi da kwata suke ƙyanƙyashe sauro.

Allurar maleriya da Najeriya ta fara bai wa ƙananan yara a 2024 an tanade ta ne don mazauna ƙasa, ba don matafiya ba, saboda haka ƙwayar maganin rigakafi za ku sha, ku duka huɗun. Atovaquone-proguanil, wanda aka fi sani da Malarone, ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum, a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa. Mefloquine sau ɗaya ake sha a mako, ana fara shi mako biyu zuwa uku kafin tafiya, a ɗora mako huɗu bayan an dawo, amma bai dace da wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko farfaɗiya ba. Doxycycline ba na ƙananan yara ba ne, ba kuma na mai juna biyu ba. Gwargwadon nauyin yaro ake auna maganinsa, don haka a je da yaran wurin likita. Kada a dogara da chloroquine ɗin da muka sha muna yara, domin ƙwayar cutar ta daɗe da daina jin sa.

Ku tafi da gidan sauro mai magani, ko da kaka za ta ce ɗakin yana da raga a taga. Ku riƙe man shafawa mai sinadarin DEET, wanda ya halatta ga jaririn da ya wuce wata 2, a shafa wa yara kafin magariba, lokacin da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana hira.

Allurar da ba makawa sai an yi ita ce ta zazzaɓin shawara. Ana fara bayar da ita daga wata 9, ke nan ƙaramar ta isa. Katin shaidarta mai ruwan ɗorawa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 katin yana aiki har ƙarshen rayuwa bayan allura ɗaya. A cibiyoyin da aka yi wa rajista kaɗai ake yin ta, kuma biya ake yi. A sanar da likita idan akwai mai juna biyu, ko mai raunin garkuwar jiki, ko wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai.

Sai a buɗe jan littafin rigakafin yaran a duba ko an tsallake wata allura, musamman ta mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano a 2023, da ta shan inna. A Ingila sai yaro ya cika shekara ake yi masa allurar ƙyanda, amma saboda tafiya ana iya yi wa jaririyar tun yanzu, sannan a yi mata sauran a kan lokacinsu. Allurar taifod da ta ciwon hanta nau'in A kyauta ne a asibitin unguwarku, sai dai jaririyar ba ta kai shekarunsu ba. Kariyarta ita ce nono da tafasasshen ruwa, da haƙurin hana 'yan uwa ɗura mata kunu ko zoɓo don ƙauna. Sanƙarau ya fi tsanani da rani, daga Disamba zuwa Yuni, amma tun da za ku yi wata guda cikin jama'a, yana da kyau a tattauna allurarsa. Babban yaron kuma kada a bar shi ya bi sa'o'insa wanka a rafi ko dam, saboda tsargiya.

Ku nemi ganin likita mako 6 zuwa 8 kafin ranar tashi. Bayan kun dawo, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin shekara guda, musamman a watanni ukun farko, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa daga Najeriya kuka dawo, a nemi gwajin jini na maleriya ko da ya sha ƙwayoyinsa duka.