Ga mai fama da barcin rana a shago

Ɗan'uwa, ka ce likita ya tabbatar maka da nakolefsi, wato cutar da ke sa barci ya faɗo wa mutum ba zato, barci na sace ka ana tsakiyar ciniki a Babbar Kasuwar Katsina. Sannu. Wannan ba lalaci ba ne. Galibi oreksin, sinadarin da ke riƙe mutum a farke, shi ne ke ƙaranci a ƙwaƙwalwa.

Kada ka jira barcin ya kayar da kai, kai za ka yanka masa lokaci. Ka yi ƙailula ta minti 15 zuwa 20, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan Azahar, kullum a lokaci guda. Ka saita ƙararrawar waya, yaronka ya tsare shagon. Cika ciki da tuwo ko fura da rana na ƙara nauyin ido, sai ka rage.

Babur kuwa, don Allah ka jingine shi har likitanka ya amince.